Kamfanin Ba da Shawara Kan Rage Ma'aikata: Yadda Na Ga Aikinsu

Lokacin da tsadar man dizal da faɗuwar darajar naira suka tilasta wa masana'antarmu ta robobi da ke Sharada a Kano rufe aikin dare, hukumar gudanarwa ta ɗauko wani kamfani mai ba da shawara kan harkokin ma'aikata domin ya jagoranci ragin. Ni ne ke riƙe da fayil-fayil ɗin ma'aikata, saboda haka kusan komai a gabana aka yi shi.

Ta fuskar doka, ban ga abin kushewa ba. Sun tsaya kai da fata a kan sashe na 20 na Dokar Ƙwadago, wanda ya wajabta a sanar da wakilan ma'aikata dalilin ragin da yawan waɗanda zai shafa, a kuma fara da waɗanda suka zo daga baya, tare da duba ƙwarewa da riƙon amana. Da wani manaja ya nemi cusa sunan wani dattijo da ba sa ga maciji da juna cikin jerin waɗanda za a sallama, sai suka ce atafau sai ya kawo hujja a rubuce, kuma bai iya ba. Abin da ya fi burge ni shi ne batun fansho. Sun gano cewa kashi 10 cikin ɗari da kamfani ke zubawa da kashi 8 da ake cirewa daga albashi ba su shiga asusun wasu ba tsawon watanni, suka dage sai an biya kafin a miƙa takardar sallama ko ɗaya. Sun kuma zaunar da kowa suka fahimtar da shi cewa idan ya yi wata huɗu bai sami aiki ba, yana da ikon karɓar kashi 25 na abin da ya tara.

Inda suka gaza shi ne kula da waɗanda suka rage. Mutanen da suka ga an sallami abokan aikinsu, aiki kuma ya ninku a kansu, taron yini ɗaya kawai aka yi musu kan haɗin kai, shi ma da Turanci, alhali yawancin masu tuƙa injinanmu Hausa suke ji. Babu wanda ya tambaye su yadda za a sake raba aikin, kuma har yau zullumi bai bar zukatansu ba.

Kuɗin masu ba da shawarar yana da tsada, amma zan ba da shawarar a ɗauke su, bisa sharaɗin a rubuta cikin yarjejeniya cewa za su zauna da ragowar ma'aikata sashe-sashe, da harshen da suke fahimta.