Sharhina kan gidan kula da tsofaffi da Babanmu yake

Gaskiya sun cancanci yabo, amma akwai gyara. Babanmu mutum ne da ba ya yarda kowa ya taɓa masa fuska, shi yake gyara gemunsa da kansa kullum da safe, ya taje kai ya fesa turare kafin ya yarda a gan shi, ga shi kuma yana shan warfarin saboda matsalar bugun zuciya. Duk wanda ya san maganin nan ya san yana tsinka jini, ɗan yankan reza kaɗan sai jini ya ƙi tsayawa.

Abin da ya ɓata min rai da farko, ɗauke rezar kawai suka yi ba wanda ya yi masa bayani. Baba ya daina fitowa cikin mutane, gemu ya yi buzu-buzu, ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Da na yi magana babbar nas ɗin ba ta yi musu ba, ta jawo kujera ta zauna gabansa ta ce "Baba, ba hana ku za mu yi ba, jinin ne muke tsoro", aka kawo masa kilifa mai caji da madubi a kan tebur daidai tsayin keken guragun da yake zama a kai, buroshin haƙori ma aka canza masa mai laushi saboda dasashi. Wallahi yanzu ka gan shi yana bin gefen gemun nan a hankali yana ɗaga haɓa, ba mai sa masa hannu sai in shi ya nema.

A jakar kayan askin ne ma suka tsinci ibuprofen da yake ɓoyewa saboda ciwon gwiwa, wanda haɗa shi da warfarin na iya jawo zubar jini a ciki. Ba su yi masa faɗa a gaban mutane ba, likita suka kira ya canza masa. Magunguna a kulle suke, duk wanda aka ba shi ana rubutawa, gwajin INR ma, wato na auna yadda jini ya tsinke, ba sa wasa da shi.

Inda har yanzu suke da saura shi ne masu aikin ƙarshen mako. Sau da yawa ba sa duba fayil, sai su zo yi masa wanka da yamma alhali an rubuta safe yake so, kuma a daidai lokacin ne ake ba shi warfarin ɗin, komai sai ya cakuɗe. Na sake kai ƙorafi, sun ce za su manna takarda a ƙofar ɗakinsa, ina jira in gani.