Manhajar waya ko zaman hira na laburare? Ki tafi laburare

'Yar uwa, tsakanin biyan kuɗin manhajar koyon yaren Suwidin da zuwa zaman hira da 'yan ƙasa, ki zaɓi zaman. Kuɗin ki adana su ki sayi takalmin hunturu mai kyau.

Manhajar ina da ita, har na biya kuɗin shekara. Ta tara mini kalmomi, ta ɗan taimaka wajen riƙe wadda ke ɗaukar en da wadda ke ɗaukar ett, ƙananan kalmomin da ake sa wa gaban suna a yarensu. Iyakarta ke nan, ba ta buɗe mini baki ba.

Zaman hirar da suke kira språkcafé shi ya buɗe mini bakin. Kyauta ne, ana yin sa a laburaren gari, ƙungiyar agaji ta Röda Korset, wato Red Cross, da wasu coci-coci ma suna shiryawa. Yawancin masu zuwa taimako dattawa ne da suka yi ritaya, kuma nan alherin yake. Matashin Suwidin da zarar ya ji kin yi tuntuɓe zai juya zuwa Turanci don ya sauƙaƙa miki, sai ki shekara a ƙasar ba ki haɗa jimla ɗaya ba. Dattijo kuwa yana da lokaci, zai jira ki har ki lalubo kalmar da kanki.

A teburinmu akwai wata dattijuwa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Allah Ya saka mata da alheri. Ba ta fara komai sai ta zuba kofi ta tura farantin kanelbulle tsakiya, wannan burodin mai kirfa da ake ci a lokacin fika, wato hutun shan kofi. Ranar da ta ce mu haɗu halv tre, ganin idona ya raina fata sai ta jawo takardar goge hannu ta zana agogo: biyu da rabi ne, ba uku da rabi ba, domin su rabin awar da za a shiga suke ƙirgawa. A ƙasar da makarar minti biyar abin neman afuwa ce, wannan zanen ya fi mini darasi goma. Ita ta koya mini cewa idan kin sake haɗuwa da wanda ya karɓe ki a gidansa, sai ki ce tack för senast, wato na gode da karɓar da aka yi mini kwanan baya. Ina ji na ce ai wannan ban gajiyarmu ce, tun daga ranar ban taɓa mantawa ba. A wurinta na saba da kiran babba da sunansa tare da ce masa du, wato kai ko ke, abin da suka ɗauka tun ƙarshen shekarun 1960, har likita da malami. Ga wadda ta tashi tana durƙusa wa manya, wannan sai an yi ta yi kafin harshe ya yarda. Kuma a nan na koyi tambayar ko akwai fläsk, wato naman alade, ko gelatin, sinadarin da galibi daga alade ake samo shi, a cikin abin da aka miƙo mini, ba tare da na ɓata wa mai gida rai ba.

Amma hira kaɗai ba za ta ba ki nahawu da rubutu ba. Ki yi rajistar SFI, ajin koyon yaren Suwidin na baƙi, a ƙaramar hukumarku. Kyauta ne ga mazaunin da ya kai shekara 16, kuma matakansa daga A zuwa D ne. A gida ki riƙa sauraren Radio Sweden på lätt svenska, ki karanta jaridar 8 Sidor, dukansu labarai ne cikin sauƙaƙan yaren Suwidin.

Sai abin da ba ki tambaya ba. Duk wanda ya biyo ki ta WhatsApp ko Facebook ya ce ki biya ya samo miki gurbi a SFI, ko zai sayar miki da takardar shaida, ko zai sa ki iya yaren cikin wata guda, ɗan damfara ne, ko da ɗan garinku ne. Kada ki ba kowa lambar sirrin BankID ɗinki, wato manhajar da ake tabbatar da ko ke wace ce a banki da hukumomi. Manhajoji masu cewa mako ɗaya kyauta kuma, ki duba da kyau, wasu suna cire kuɗin shekara daga katinki ranar da makon ya cika.

Ki shiga laburaren unguwarku wannan makon ki tambayi ranar zamansu. Ki isa a kan lokaci, kuma ki gaya musu tun farko kada kowa ya yi miki Turanci.