Kwalin gwaji na kanti ko kayan haɗa-da-kanka? Ga amsata, Hajiya

Wa alaikumus salam Hajiya. Tsakanin kwalin gwajin kimiyya da ake sayarwa a shirye da kuma ki tara wa yaron kaya ɗai-ɗai ya haɗa da hannunsa, na biyun za ki ɗauka, musamman tunda kin ce ajinsa ɗaya a ƙaramar sakandare.

Kwalin kanti akwai shi a gidana, yana can saman sif yana shan ƙura. Kyan gani kam yana da shi, kuma ya dace da kyauta. Amma an riga an yanke komai an huda, yaro bin hoto kawai yake yi, kafin la'asar farfela ta juya, an gama. Ranar da 'yar roba guda ta ɓace kuwa, duk faɗin Kano ba inda za ki samo irinta.

Abin da ya yi mana aiki wani tsohon gwangwanin biskit ne. A ciki akwai batir, guntayen waya, ƙananan ƙwayayen fitila na LED, resista (ɗan abin da ke rage ƙarfin wutar da ke bi ta waya), mayen ƙarfe da aka ciro daga matacciyar sifika, da ƙaramin moto da mai gyaran rediyon unguwarmu ya cire mana daga tsohon DVD. 'Yata ta haɗa motar kara irin wadda muka yi muna yara, tayoyin murfin kwalba, ta ɗaura moton da robar ɗaure kuɗi. Tana jona batir sai motar ta zabura da baya, ta shige ƙarƙashin kujera. Ta zo tana ƙorafi wai moton ya lalace. Na ce ban sani ba, ta je ta duba. Can bayan magariba sai ga ihu daga tsakar gida: ta juya wayoyin biyu, motar ta miƙe gaba. Har yau ba wanda zai ruɗe ta a kan wane kai ne mai alamar tarawa, wane ne mai alamar ɗebewa.

Haka ta ƙone jan LED da batirin nan mai kusurwa huɗu. Ya yi walƙiya sau ɗaya ya mutu, nan lissafi ya shigo da kansa. Jan ƙwan kusan volt 2 yake so, batirin kuma 9 ne, dole wani abu ya shanye ragowar 7. Wutar da ƙwan ke ɗauka lafiya ba ta wuce amfiya 0.02, ki raba 7 da 0.02, ya ba ki 350, wato girman resistar da ake buƙata a ma'aunin ohm. Sai a sa resista mai 390 ko 470. Dokar Ohm ke nan da za su haddace a aji, ita kuwa ta fara jin ƙaurinta kafin ta ga sunanta a allo. Af, doguwar ƙafar LED ita ke zuwa kan tarawa, in an juya ba zai kama ba.

Wani sashen ma ba sai kin je kasuwa ba, yana madafinki. Ki tsinka zoɓo marar sukari da ruwa har ya yi haske, ki raba a kofuna na gilashi. Ki ɗiga ruwan kanwa a ɗaya, zai yi duhu ya karkata zuwa kore. Ki matsa lemun tsami a kai, ja ya dawo. Sinadarin da ke ba zoɓo launinsa ne ke sauyawa tsakanin abu mai tsami da kishiyarsa. Daga nan ya gwada tsamiya, ruwan toka, sabulu, ya rubuta abin da ya gani. In kun samu sarari ku leƙa marinar Ƙofar Mata, ya ga yadda zane ke fitowa daga baba da kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gabansa.

Lissafi kuma zare da sanda sun isa. Ya zagaye faifai da zare, ya raba tsawon da faɗin faifan, ya sake da murfin tukunya: kullum amsar tana kusa da 3.14. Ko ya kafa sanda mai mita 1 a rana. In inuwarta rabin mita ce, ta falwayar ƙofar gida kuma mita 4 a daidai lokacin, to falwayar mita 8 ce, ba tare da ya hau ba.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa, a kula da maha'inta. Batirin nan mai caji na tocila, 18650, za ki ga an rubuta masa 9,900mAh, wato yawan cajin da wai yake ɗauka, alhali na gaskiya bai cika wuce 3,500 ba. Wasu tsofaffi ne aka sake musu riga. Ni ma ban yarda a ba yaro batirin litiyam ba, in wayoyinsa suka haɗu yana iya kamawa da wuta. Na rediyo mai volt 1.5 ya wadatar. Masu talla a intanet da ke cewa sai kin tura kuɗi kafin ki ga kaya, ki bar musu abinsu. Ki fara sayen mitar awon wuta irin ta masu gyaran rediyo, duk abin da za ki biya a gwada a gabanki. Sannan doka biyu a gida: ba a kusantar soket ɗin NEPA, kuma ƙananan batira masu kama da maɓalli a ɓoye su daga ƙannensa, haɗiye su hatsari ne babba.

Ranar Asabar ki sa kawunsa ya kai shi Sabon Gari wajen masu kayan lantarki, ko su biya wurin 'yan gwangwan su tsinto moto da sifika. Abin da za su sayo: mitar awon wuta ɗaya, batir huɗu da gidansu, LED kala-kala, resista, makunni, waya da salatif. Maganar Arduino, ƙaramin allon lantarkin nan da ake ba umarni ta kwamfuta, a bar ta tukuna, sai ya iya gano da kansa dalilin da ya sa fitilarsa ta ƙi kamawa.