Wasannin BL na Japan: wanne za ka zaɓa kafin ka kashe data da kuɗin wata?

Duk mai yawo a manhajojin kallo irin su Viki ko Netflix yana neman wasan Japan, wata rana zai ci karo da haruffa biyu a jikin hoton wasa: BL. Taƙaitawa ce ta Boys' Love, sunan da Japanawa suka ara daga Turanci, kuma abin da take nufi shi ne labarin soyayya tsakanin namiji da namiji. Gara a faɗi wannan tun daga bakin ƙofa. Da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu addininsu da tarbiyyarsu ba su yarda da abin ba, to su sani daga ganin haruffan nan su wuce, kada a kunna a falo cikin iyali bisa rashin sani. Wanda kuma ya riga ya yanke shawarar kallo, ko ɗalibin fim ne ko mai son sanin rayuwar Japan, akwai abin da ya kamata ya gane: kaya iri-iri ne aka zuba a buhu ɗaya aka liƙa musu suna ɗaya. Yawancin ƙorafin da nake ji daga masu kallo daga nan yake tasowa, mutum ya je sayen gero ya dawo da dawa.

Asalin abin daga littattafan zane ne da ake kira manga. A shekarun 1970 wasu mata masu zane, irin su Moto Hagio da Keiko Takemiya, suka fara rubuta irin wannan labari domin 'yan mata masu karatu, sannan a 1978 aka fara buga mujallar June da ta keɓe kanta ga wannan fanni. Har yau mata ne mafi yawan marubutan, mata ne kuma mafi yawan masu saye. Wannan yana bayyana abubuwa da dama da za ka gani a allo. Labarin ya fi damuwa da bugun zuciya, da kallon da aka yi aka kau da kai, da maganar da ta tsaya a maƙoshi, fiye da yadda ainihin masu son jinsi ɗaya suke rayuwa a Tokyo ko Osaka. Su kansu wasu daga cikin irin waɗannan maza a Japan sun daɗe suna sukar fannin da cewa mafarki ne kawai.

Rukuni na farko, wanda ya fi kowanne yawa, shi ne na barkwanci da sanyin rai. Ossan's Love na tashar TV Asahi ne ya buɗe wannan kasuwa a 2018, da kashi bakwai kacal: wani ma'aikacin kamfanin dillancin gidaje, Kei Tanaka ne ya fito a matsayinsa, ya tsinci kansa tsakanin maigidansa na ofis da abokin aikinsa da suke zaune gida ɗaya. Hayaniya ce da zare ido da gudu a titi. Cherry Magic na TV Tokyo, wanda ya fito a 2020 da kashi 12, ya fi shi natsuwa nesa ba kusa ba. Adachi, ma'aikaci mai kunya da raina kansa, ya cika shekara 30 sai ya wayi gari yana jin abin da ke zuciyar duk wanda ya taɓa. A cikin cunkoson na'urar hawa bene ta ofis kafaɗarsa ta gogi ta Kurosawa, gwarzon ma'aikacin da kowa ke yabo, nan ya ji abin da mutumin ya daɗe yana ɓoyewa. Ga wanda ya saba da finafinan Kannywood, inda saurayi da budurwa ba sa ko riƙe hannu, kawaicin wannan rukuni ba zai zo masa baƙo ba. Ana iya cinye kashi goma kafin a furta kalmar so, kuma wasu masu kallo a ƙasashen waje sun yi ta gunaguni cewa an gama Cherry Magic ba a nuna sumba ƙarara ba. Idan haƙurinka gajere ne, wannan rukuni zai gajiyar da kai. Idan kuwa abin da kake so shi ne ka ga yadda mutum mai jin shi ba kowa ba ne yake koyon ɗaga kai, to kuɗinka ba zai tafi a banza ba.

Rukuni na biyu, na 'yan makaranta, ba sai an tsaya a kansa da yawa ba. Kieta Hatsukoi na 2021 misali ne: an ari abin goge rubutu a aji, an ga suna a jiki, rashin fahimta ta biyo baya. Mai sauƙi ne, babu nauyi, ka gama ka manta.

Rukuni na uku ne ya fi buƙatar gargaɗi. Utsukushii Kare na tashar MBS, 2021, kashi shida, an ɗauko shi daga littafin Yuu Nagira. Hira yaro ne mai in'ina wanda 'yan ajinsu suka mayar ɗan aike, yana kallon Kiyoi kamar wani sarki da ba a isa a kusanta ba. Akwai wulaƙanci a ciki, akwai son da ya zarce hankali ya koma bauta. Hoton wasan yana da kyau ƙwarai, amma wanda ya shigo yana tsammanin sanyin Cherry Magic zai fita da ɗaci a baki. A wannan ɓangaren ne kuma ake samun waɗanda aka yi domin manya zalla, musamman waɗanda aka shirya wa manhajojin intanet irin su FOD ta Fuji TV, inda dokokin gidan talabijin ba su ɗaure su sosai ba. Duba alamar shekarun da aka sa wa wasa kafin ka danna, ba a nan ake yin ganganci ba.

Wanda na fi so a tsaya a kai shi ne na huɗu, duk da cewa masu tsananta rabe-rabe za su ce ba BL ba ne sam. Kinou Nani Tabeta, ma'ana "me ka ci jiya", ya fito a TV Tokyo a 2019, aka yi masa fim a 2021, zango na biyu ya zo a 2023. Fumi Yoshinaga ce ta rubuta littafin, kuma tun 2007 ake buga shi a mujallar Morning wadda magidanta maza ne manyan masu karanta ta. Babu neman soyayya a nan, an riga an wuce wurin. Shiro lauya ne da ya haura arba'in, Kenji mai gyaran gashi ne, suna zaune gida ɗaya a Tokyo. Shiro yana tashi daga ofis a kan lokaci ya biya kanti, ya tsaya yana auna farashin madara da na kayan miya, domin ya ɗaure wa kansa cewa cefanen wata ba zai wuce yen 25,000 ba. Dalilinsa shi ne ba su da 'ya'yan da za su kula da su idan tsufa ya zo, dole a yi tanadi tun yanzu. Har kankana ya taɓa raba wa biyu da wata matar aure da bai sani ba a kanti, saboda ta yi wa kowannensu yawa, daga nan suka zama abokan raba kayan rangwame. Kowane kashi sai an dafa abinci a gabanka daki-daki, ka ga ana yanka albasa, ana ɗanɗana romo, ana dafa abu biyu a lokaci ɗaya don kada gas ya tafi a banza. Tsakanin tukunya da faranti ake shigo da manyan maganganu: iyayen Shiro da suka tsufa suna ƙoƙarin fahimtar ɗansu, ɓoye rayuwarsa da yake yi a wurin aiki, batun gado a ƙasar da dokarta ta ƙasa ba ta amince da auren jinsi ɗaya ba, ko da yake unguwannin Shibuya da Setagaya na Tokyo sun fara ba da takardar shaidar zaman tare tun 2015. Hidetoshi Nishijima da Seiyo Uchino, waɗanda suka fito a matsayin Shiro da Kenji, manyan 'yan wasa ne da suka daɗe a harkar, kuma ana gani a aikinsu. A wurina babu wanda ya kama ƙafar wannan a duk jerin. Mai neman irinsa amma gajere ya duba Otouto no Otto na NHK, 2018, kashi uku, inda wani magidanci mai 'ya ɗaya ya karɓi baƙuncin ɗan ƙasar Kanada da ya auri marigayi ɗan'uwansa.

Sai batun tsawo, wanda shi ne ya shafi aljihu kai tsaye. Wasannin Japan na wannan fanni galibi na tsakar dare ne, kashi ɗaya bai cika wuce rabin awa ba, zango kuma daga kashi biyar zuwa goma sha biyu. Kana iya gama Old Fashion Cupcake na 2022, mai kashi biyar, a zama ɗaya bayan sallar isha'i kafin barci ya ɗauke ka. Na ƙasar Tailan sun fi tsawo da waƙe-waƙe da tallar kaya a cikin labari, kuma kamfanin GMMTV yana ɗora da yawa a YouTube kyauta. Na Japan ba kasafai ake samunsu haka ba. Manhajar TVer da Japanawa ke kallo kyauta a cikin ƙasarsu kawai take aiki. A waje sai Viki, ko GagaOOLala ta ƙasar Taiwan wadda ta keɓe kanta ga irin wannan fanni, ko Netflix a wasu lokuta. Fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo galibi Turanci ce.

Abin da ya taɓa cin kuɗina shi ne lasisi. Na biya kuɗin wata saboda wasa guda, na buɗe sai na tarar ba a nuna shi a yankinmu, domin kowace ƙasa da jerin da aka sayar mata. Saboda haka kafin ka sa lambar katinka, rubuta sunan wasan a wurin bincike na manhajar daga wayarka, ka tabbatar kashi na farko yana buɗewa, ka kuma gwada sunan Japananci da na Turanci duka biyu, don sau da yawa da ɗaya kawai aka ajiye shi.