Sharhi kan ƙaramin tankin kifin ruwan gishiri mai lita 75: inda ya cika da inda ya gaza

Irin tankin nan da ke zuwa a kwali ɗaya da famfonsa da fitilarsa da matacinsa, mai ɗaukar lita 75, shi ne yawancin sababbin shiga ke fara saya. Na yi aiki da shi tun daga zuba ruwan farko har zuwa sake zuba kifi bayan cuta ta ratsa shi, kuma hukuncina a taƙaice shi ne: tanki ne mai kyau, amma kayan da ke cikin kwalin kaɗai ba za su riƙe maka kifin teku da rai ba. Akwai abubuwa huɗu da sai ka nemo da kanka, kuma takardar bayanin da ke ciki ta yi gajen haƙuri a wurin da ya fi buƙatar haƙuri.

Bari in fara da yabo, don ya cancanta. Gilashin garai yake, haɗin kusurwoyin bai yoyo. Bangon baya an raba shi gida uku: ruwa na tsallakawa ta sama ya faɗa kan soso, ya wuce gida na biyu inda ake ajiye gawayin tace ruwa da hita, wato na'urar ɗumama ruwa, sannan famfo ya dawo da shi daga gida na uku. Wannan tsari ya ɓoye wayoyi da na'urori, ba abin da kake gani a gaba sai dutse da kifi. Famfon ba ya ƙara. Fitilar ta ishi murjani mai taushi, wato halittar teku da ke girma a jikin dutse, amma kada ka sa ran za ta ɗauki masu tauri da ke son haske sosai. Murfin ma na yaba da shi ƙwarai, domin wasu kifayen masu tsalle ne.

Inda ya fara ba ni haushi shi ne ma'aunin gishiri. Sun sako haidiromita ta roba mai allura da ke lilo a cikin ruwa. Ƙwayar kumfa ɗaya in ta maƙale a jikin allurar sai ta ɗaga ta, ta nuna maka gishiri ya fi yadda yake, in busasshen gishiri ya taru a gindinta kuma sai ta riƙa cijewa. Ka ajiye ta, ka nemi rifraktomita, wadda ake ɗiga mata ruwa a leƙa ta fuskar haske. Ka daidaita ta da ruwan gwaji mai gishiri kashi 35 cikin 1000, ba da ruwa zalla ba. Abin da ake nema shi ne gishiri kashi 35 cikin 1000, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. A sikeli, wannan yana kamawa kusan giram 36 zuwa 40 na gishirin tanki a kowace lita, gwargwadon irinsa da damshin da ya sha. Gishirin girki ba ya shiga nan ko kaɗan.

Na biyu shi ne ruwan kansa. Ruwan famfon gida na ɗauke da sinadarai irin su kulorin da fosfet da siliket, wani lokaci har da jan ƙarfe daga bututu. Kana buƙatar ruwan da ya bi ta matacin RO/DI mai cire waɗannan sinadarai, wanda ma'aunin TDS, mai auna abin da ya narke a ruwa, ke nuna sifili a kansa.

Na uku ya shafi ƙafewa, kuma nan ne ƙaramin tanki ke da rauni na gaske. In ka zuba dutse kilo 7 ko 8 da yashin aragonait mai kaurin santimita 2 zuwa 3, ruwan da ya rage bai wuce lita 60 ba. Ruwa yana tashi ya bar gishiri a baya. In lita ɗaya ke tashi a rana, cikin kwana uku gishirin ya bar 35 ya kusa 37. Kifi zai iya jurewa, amma jatan lande da dodon koɗi da murjani ba sa son wannan hawa da sauka. Kuma saboda yadda aka tsara bayan tankin, ba za ka ga ruwa ya ragu a gaba ba. A gidan famfo kaɗai yake sauka, har sai famfon ya fara zuƙar iska yana feso ƙananan kumfa. Ruwan da ake cikewa da shi ruwa ne zalla marar gishiri. Ko dai ka ja layi a gidan famfon ka riƙa cikewa kullum, ko ka sa na'urar da ke cikewa da kanta. Ni ta biyun nake ba da shawara.

Sai kuma maganar takarda. Ta nuna kamar bayan 'yan kwanaki za a iya sakin kifi. Ba haka ba ne. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wasu bakteriya su mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da shi naitiret. Amoniya dafi ce ga kifi, kuma kafin bakteriyar su yi yawa a jikin dutse ana ɗaukar mako 3 zuwa 6. Hanyar da ta fi tsafta ita ce ka ɗiga amoniyar kwalba har ma'auni ya nuna 2 ppm, wato kashi 2 cikin miliyan, ka jira. Ranar da ka sake ɗigawa ka ga amoniya da naitirait duk sun koma sifili cikin awa 24, tankin ya shirya karɓar kifi. Kada a yi wannan aiki da kifi mai rai, zalunci ne kuma babu buƙatarsa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato sake zuba kifi bayan an yi asara. Da yawa in kifinsu ya mutu sai su canza ruwa, washegari su sayo wani, shi ma ya bi sahu. Ka fara gano abin da ya kashe shi. Auna amoniya, gishiri da zafi. In duk suna daidai, tuna yadda kifin ya kasance kafin ya mutu. Fararen ɗigo a jiki da wutsiya kamar an barbaɗa gishiri, tare da goga jiki a dutse, alamar ƙwayar cutar Cryptocaryon irritans ce. Numfashi da sauri, tsayawa a bakin famfo da mutuwa cikin kwana biyu ko uku sun fi nuna ƙwayar cutar Amyloodinium ocellatum. Dukansu suna da matakin da suke sauka daga jikin kifi su lafe a yashi da dutse, shi ya sa canjin ruwa ba ya fitar da su. Maganinsu a tankin shi ne yunwa: a kwashe kifi gaba ɗaya a bar shi babu ko ɗaya. Wa'adin da aka fi amincewa da shi ga mai fararen ɗigo shi ne kwana 76. Dodon koɗi da jatan lande da murjani su zauna abinsu, cutar ba ta cin su. Ka riƙa jefa ɗan abinci sau biyu a mako don kada bakteriyar su ragu.

Kada ka taɓa zuba magani mai jan ƙarfe a cikin babban tankin. Yana kashe jatan lande da dodon koɗi da murjani, dutse da yashi kuma su shanye shi su riƙa sakinsa a hankali. Wannan ne ya kawo abu na huɗu, tankin killacewa, wato ƙaramin tanki na daban da ake ware kifi a ciki. Lita 30 zuwa 40 ya isa, babu yashi, da hita, da matacin soso mai iska, da guntayen bututun roba don kifi ya ɓuya. Duk sabon kifi ya yi mako 4 a nan kana kallon cinsa da numfashinsa. In za a ba da magani, a bi adadin da ke jikin kwalbar kuma a riƙa auna shi da ma'auni, don tsakanin abin da ke kashe cuta da abin da ke kashe kifi ba nisa.

Kifi uku ne iyakar wannan tanki, in an matsa huɗu ƙanana. Amphiprion ocellaris, mai ruwan lemo da fararen zane uku, shi ne zaɓin farko, musamman wanda aka haifa a tanki, don ya saba da abincin gwangwani. Ka ɗauki biyu ƙanana, ko ɗaya ya ɗara ɗaya, wanda ya fi girma shi zai zama mace. Gramma loreto, mai rabi shunayya rabi rawaya, ko Cryptocentrus cinctus, mai zama a ƙasan tanki, na iya zama na uku. Nemateleotris magnifica yana da kyau amma matsoraci ne mai tsalle, in za ka sa shi, shi za ka fara sa wa kafin masu faɗa su mallake wuri. Shuɗin Paracanthurus hepatus ba na nan ba ne, yana kai santimita 30 kuma yana son filin iyo. Synchiropus splendidus kuwa yunwa ke kashe shi a sabon tanki, domin ƙananan halittun dutse yake tsinta duk yini. Tsakanin kowane sabon kifi da na gaba a bar mako 2 zuwa 3.

Wajen saukar da sabon kifi, ka ɗora ledar da ya zo a ciki a rufe a saman ruwa minti 15 don zafi ya daidaita, sannan ka auna gishirin ledar. Masu sayarwa kan riƙe kifi a gishiri ƙasa da na tankinka. Juye shi a bokiti, ka riƙa ɗiga ruwan tanki ta siririn tiyo, ɗigo 2 zuwa 4 a daƙiƙa, na minti 30 zuwa 45. Amma in kifin ya kwana a leda a hanya, kada ka ja lokaci: da an buɗe ledar pH zai tashi, wato tsamin ruwan ya ragu, amoniyar da ta taru ta ƙara dafi. Gara ka daidaita gishirin tankin killacewa da na ledar ka mayar da shi nan da nan. Ruwan ledar a zubar.

Kulawar yau da kullum ba ta da wuya. Zafi ya tsaya a digiri 25, hita mai wat 75 ta isa. In ya haura 28 iskar ruwa na raguwa, sai a sa fanka a saman ruwan. Kowane mako a canza lita 6 zuwa 9 da ruwan da aka dama tun jiya. Gishiri ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan gishiri ba. Baƙin soson da suka sako yana tara datti ya zama tushen naitiret, don haka na musanya shi da farar audugar tacewa da ake yarwa duk kwana 3 ko 4. Gawayi duk wata. Famfon a jiƙa shi a ruwan khal duk wata biyu a goge farfelarsa. Shi kaɗai kuma ba ya motsa ruwan gaba yadda ya kamata, ƙaramin famfon igiyar ruwa zai hana datti kwanciya a bayan dutse.

A makonnin farko za ka ga ƙasa-ƙasan gansakuka ta rufe yashi da gilashi. Siliket take ci, tana wucewa da kanta, kada ka zuba mata magani. Dodon koɗi irin Trochus guda 3 ko 4 za su share gilashi, suna kuma iya juyowa in sun faɗi rigingine. Fitila awa 8 ta isa. Naitiret ya zauna tsakanin 5 da 10 ppm. In za ka sa murjani, ka ƙara da auna alkalinitin ruwan, wato ƙarfinsa na hana tsami, ya zauna 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH.

Ruwan gishiri da lantarki ba sa jituwa. Kowace waya ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau soket, soket ɗin ya zama mai yanke wuta da kansa in ta zube, kuma ka tanadi famfon iska mai batir saboda ɗaukewar wuta, don ƙarancin iska ne ke fara kashe kifi in ruwa ya tsaya.

Wanda yake yawan tafiya ya bar gida kwanaki, ko yake son kifi da yawa, ya nemi tanki mai lita 150 ko fiye, inda kuskure ba ya saurin zama asara. Wanda kuwa kifi biyu ko uku da ɗan murjani mai taushi suka ishe shi, ya ɗauki wannan, amma ya sayi rifraktomita da tankin killacewa a rana ɗaya da shi.