Tsohuwar motar Jamus mai gudu a zafin Sakkwato: abin da take ci da abin da take bayarwa

A wurin dillalan mota na Sakkwato, har ma da na Kano da Kaduna, za ka tarar da motar Jamus 'yar 2007 ko 2008, mai ƙarfin doki 300 da kujerun fata, ana yi mata kuɗi daidai da Corolla sa'arta, wani lokaci ma ƙasa da haka. Ita Corollar ƙarfinta bai kai rabin wancan ba. Lokacin da suke sababbi a Amurka kuɗin Bajamushiyar ya tasam ma dala 40,000, ya ninka na Corolla har da ɗori. Matashi in ya ga haka sai ya ɗauka tsuntuwa ya yi. Dillalai kuwa sun san lissafinsu. Kasuwa ta riga ta cire kuɗin gyaran da ke tafe daga cikin farashin, wanda ya saya shi zai biya cikon a gareji, kaɗan-kaɗan.

Tawa irin wannan ce: 'yar 2008, tokumbo daga Amurka, silinda shida a jere, injin lita 3, turbo biyu, giya mai canza kanta, ƙarfin yana tafiya ga tayoyin baya. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin abin da na gani a jikinta abokaina masu wasu ire-irenta sun gani, kuma mafi yawansa aikin shekaru ne da yanayin garinmu.

Zan fara da daɗinta, don shi ne dalilin da ya sa har yau tana ƙofar gidana. In ka fita ta Bodinga ka miƙi hanyar Tambuwal da Jega, tirela biyu suna gabanka a jere, ka hango fili, sai ka ɗan taka totur. Ba ta jira, ba ta ihu. Kafin zuciyarka ta fara raya maka wani abu ka riga ka koma hannunka. A ƙaramar mota wannan wucewar takan ɗauki lokacin da kake addu'a kada wata ta ɓullo. Sitiyarinta yana da nauyi mai daɗi, duk abin da tayoyin gaba suka taka kana jin sa a tafin hannu. A kwana ba ta kwanciya. Burkinta in ka taka saboda akuya ko jaki ya faɗo titi, tsayawa take a miƙe ba tare da wutsil-wutsil ba. Kuma in ka rufe ƙofa hayaniyar titi ta yanke, ka yi tafiya zuwa Birnin Kebbi ka sauka bayanka bai san ka yi zama ba. Ni dai ban tuƙa wata mota a kuɗinta da ta ba ni wannan natsuwar ba.

Ainihin injin da giyar ba su taɓa ba ni matsala ba, wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa. Ƙarfen yana da ƙwari. Abin da ke mutuwa shi ne duk abin da aka kewaye ƙarfen da shi: roba, filastik da kayan lantarki. Motar da ta haura shekara 15 tiyo ɗinta sun bushe, gaskit ɗinta sun ƙandare, filastik ɗinta ya zama kamar ka taɓa ya ruguje. An ƙera waɗannan injuna su yi aiki da zafi sosai, ruwan da ke sanyaya su yakan haura digiri 100 da gangan, don a rage shan mai. A Jamus wannan dabara ce mai kyau. A Sakkwato, cikin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 har ya doshi 45, ga esi a kunne, ga cunkoso wajen babbar kasuwa, ga turbo biyu suna ƙara wuta a ƙarƙashin bonet, duk wani abu mai rauni a hanyar ruwa sai ya tona kansa.

Famfon ruwa ne ya fara. A irin wannan motar ba fanbel ke juya shi ba, na lantarki ne, kuma ba ya yin ƙara ko ɗiga ya gargaɗe ka kamar na tsofaffin motoci. Da azahar ne a bazara, fanka ta tashi da ƙarfi kamar za ta fice, alamar zafi ta bayyana, motar ta rage ƙarfinta da kanta. Na kashe ta nan take, shi ya ceci kan injin. Da na lallaɓa don in kai gida, da maganar ta zama ta sauke inji. Famfon ba a same shi a gari ba. An tambaya Ƙofar Ruwa a Kano, an tambaya Panteka a Kaduna, daga ƙarshe sai daga Ladipo a Legas ya zo. Tsawon jiran nan kabu-kabu ke kai ni aiki, yara kuma maƙwabci ke sauke su makaranta. Wannan jiran ba ya shiga lissafin kowa ranar saye, alhali shi ne ya fi ciwo. Mai Corolla ko Civic da safe abu zai lalace, kafin la'asar ya koma kan titi.

Bayan famfon sai tankin ruwa na filastik ya tsage, sai gaskit ɗin murfin inji ya fara zubar da baƙin mai a kan salansa, ƙauri yana shigowa ciki. Sai kwayil, sai injekta. Silinda shida ne, komai shida ne, kuma in ɗaya ya tafi sauran suna bayansa, don ranar haihuwarsu ɗaya.

Maganar kanikawa ita ce ginshiƙin al'amarin. Muna da masu hannu a Sakkwato, mutanen da za su saurari injin Peugeot ko Toyota su gaya maka ciwonsa. Amma akwai wasu ɗabi'u da suka zauna a gareji waɗanda suke kashe irin wannan motar. Na farko cire tamostat, wai don ƙasarmu da zafi. A wannan motar ƙwaƙwalwarta, wato kwamfutar da ke cikinta, ita ce ke sarrafa tamostat da famfo da fanka tare, in ka cire ɗaya ka rikita mata lissafi, ta ƙara shan mai, ta kunna maka fitilar gargaɗi. Na biyu haɗa fanka kai-tsaye. Na uku zuba ruwan rijiya ko na leda a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji na musamman, wanda ke hana tsatsa kuma ba ya saurin tafasa. Na huɗu, kuma mafi tsada, gyaran canka-canka: a sauya wannan a gani, in bai yi ba a sauya wancan. Motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996 suna da kafar da ake jona kwamfuta ta karanta laifinsu. Amma ƙaramar na'urar da kowa ke riƙe da ita rabin magana take ji. Sai mai manhajar da ta san harshen motar, domin hatta sabon batir a nan sai an sanar da ƙwaƙwalwar cewa an sauya shi, injekta ma sai an shigar mata da lambobinsa.

Na dace da wani bakanike da ya yi koyo a Apo, Abuja, ya dawo gida. Ranar da na ce masa ko za a lallaɓa tiyon da ya fara kumbura zuwa ƙarshen wata, sai ya ce, "Yallaɓai, wagga mota ba ta son a lallaɓa. Abin da ka ƙi saye yau, gobe shi da ɗan'uwanai za ka saye." Tun daga nan muke sauya abu kafin ya mutu, kuma tun daga nan motar ta daina ba ni kunya a hanya. Kuɗin bai ragu sosai ba, amma yanzu ni ke zaɓar ranar kashe shi. Duk wanda ba shi da irin wannan bakaniken a hannu kafin ya saya, ina ba shi shawara ya dakata.

Sai mai. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarewar tallafin mai, litar fetur a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500 a nan Arewa, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Tankin motata yana cin wajen lita 60. A cikin gari da esi, abin da take nuna mini yakan kai lita 15 a kilomita 100, a kan doguwar hanya ya sauko ƙasa da 10 in na riƙe ƙafata. Kowa ya yi lissafinsa. Akwai kuma ingancin man. A Amurka fetur hawa uku ne a gidan mai, kuma irin wannan mota mai turbo na sama aka ce a ba ta. Mu fetur ɗinmu iri ɗaya ne. Motar tana jurewa, ƙwaƙwalwarta takan ɗan rage ƙarfi don kare injin, musamman da rana tsaka. Abin da ba ta jurewa shi ne man galan na 'yan bumburutu da ƙura ko ruwa ya shiga, domin famfon fetur ɗinta na biyu yana tura mai da matsi mai yawa ta ƙananan ƙofofin injekta, datti kaɗan ya ishe su. Na tsayar da gidan mai guda da na yarda da shi, kuma ba na barin tanki ya yi ƙasa.

Baƙin mai ma na musamman ne, wajen lita 6 da rabi kowane juye, kuma jabunsa ya cika kasuwa cikin galan mai kyan gani. Tazarar juye mai tsawo da motar ke lissafa wa kanta ba don ƙurar hunturunmu aka yi ta ba, ni rabinta nake yi. Matatar iska kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu sai ka riƙa dubawa. Wani abin da ban so shi ne ba ta da sandar auna mai, sai dai ka tambayi allo.

Kayan gyaran duk da dala ake shigo da su. Dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023, a farkon 2024 ta haura 1,500. Famfon da aka saya a da, yau ya ninka sau uku ko fiye, albashi kuwa bai bi shi ba. Hawa uku ne a kasuwa: sabo na asali, na Beljiyam da aka ciro daga wata motar, da sabo mai araha wanda kwalinsa kaɗai ke da kyau. Ƙarfe kamar hannun ƙafa ko wili, na Beljiyam ya isa. Roba da filastik da famfo kuwa, na Beljiyam shekarunsa ɗaya da wanda ya mutu maka. Wanda ya taɓa riƙon doki ya san ranar saye ita ce mai sauƙi, harawa da dawa da ɗan barga su ne kullum.

Ƙafarta ƙasa-ƙasa take. Tuddan rage gudu na cikin unguwanni sai ka hau su a karkace, lungunan Mabera da damina kuma ba nata ba ne. Tayoyinta sirara ne, rami guda yakan kumbura taya ko ya lanƙwasa wili. Ba ta zo da safaya ba, don an yi ta da tayar da ke iya ɗan tafiya bayan ta sace. Masu faci da yawa ba su da injin cire irinta, kuma tsadarta ta sa na koma taya ta gama-gari na sayi safaya na ajiye a but.

Akwai abin da ya fi kuɗi nauyi a wurina. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa, da wasu hanyoyin gabashin jihar nan, kowa ya san halin tsaron da ake ciki. Motar da za ta iya kashe kanta a daji saboda wata 'yar na'ura ta gaza, kuma babu bakaniken ƙauyen da zai iya tashe ta, ba ta ɗaukar iyalina a wannan hanyar. In tafiyar ta kama, tsohuwar Toyotar ƙanena nake ara. Ina faɗin haka ne duk da ƙaunar da nake yi wa motar.

Mai niyyar saye ya nemi lambar jikin motar mai harafi da lamba 17, ya biya a binciko tarihinta, domin da yawa daga tokumbon Amurka daga gwanjon motocin da suka yi hatsari ko ambaliya suke fitowa. Ya tuna lissafin allonta mil ne, mil 120,000 ya haura kilomita 190,000. Ya je da sassafe a tashe ta a gabansa tana sanyi, ya dubi hayaƙi, ya saurari ƙarar turbo, ya leƙa ƙarƙashi, a sa mata kwamfuta da bakanikensa, ba na dillali ba. Ya karanta lambobi huɗu na gefen taya: 2319 na nufin an ƙera tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Takardun kwastam su zama na gaske. Sannan ya ware kuɗi a gefe tun ranar farko, a sauya famfon ruwa da tamostat da tiyo da man giya ko da suna aiki.

In gudu kake so kuma mota ɗaya za ka iya riƙewa, dubi ɓangaren Japan. Lexus IS350 ta wancan zamanin tana da injin lita 3.5 mai ƙarfin doki 306 ba tare da turbo ba, 'yar gidan Toyota ce, kanikawanmu sun fi sabawa da tsarinta. Mai tana sha ita ma, ƙafarta ma ƙasa take, kuma a hannuna sitiyarinta bai kai na Bajamushiyar daɗi ba. Amma za ka fi yin barci.

Tawa kuwa dillali ya taya ta kwanakin baya, kuɗin da ya faɗa bai ko kalli abin da na zuba mata ba, don kasuwa ba ta biyan gyara. Na ce masa ba ta sayarwa ba ce. Lagireto da sauran tiyon da ba a taɓa ba na riga na aika Legas a kawo su, ina so a ɗaura su kafin watan Maris ya kama.