Sabbin gidaje a Ingila: koren filin bayan gari ko kangon masana'antu?

Tun da a 2024 gwamnatin jam'iyyar Labour ta yi alƙawarin gina gidaje miliyan 1.5, ake ta tambayata: a shiga koren filin da doka ta kare a kewayen birane, ko a koma kangayen masana'antu?

Wajen kuɗi, koren fili ya fi wa magina sauƙi, sai dai kawai a aza harsashi. Kango kuwa sai an rushe, an kwashe gurɓatacciyar ƙasa, kamar yadda aka yi a unguwar Stratford da ke Landan kafin gasar Olamfik ta 2012.

Amma mazauna ƙauyukan da ke tayar da jijiyar wuya kan gini a koren fili, ina ganin suna da hujja. Dubban gidaje a bayan gari na buƙatar hanya, makaranta, asibiti da magudanan ruwa, kuma sau da yawa gidajen ke rigan waɗannan zuwa. Gonar da aka shafe da siminti ba ta dawowa, ruwan sama kuma ya rasa inda zai nutse. Don kada garuruwa su haɗe ne ma aka faɗaɗa kariyar koren fili daga Landan zuwa sauran birane a 1955. Cikin gari kuwa, bas da jirgin ƙasa suna nan.

Matsalar kango ita ce ba ko'ina ake samunsa ba, kuma galibi benaye masu ƙananan ɗakuna ake ginawa.

Kango ya dace da birane masu tsoffin masana'antu irin su Manchester da Birmingham. Garin da ba shi da kango, ga iyalai na neman gida mai fili, shi zai iya taɓa gefen koren filin, musamman inda tuni ya lalace, kamar tsoffin gidajen mai.